Akwariyom ɗin murjani a Yamai: baje mai faɗi ko dogo mai zurfi?

Abdoul Aziz Bobiel: Salamu alaikum jama'a, barkanku da zafi. Dan Allah shawara nike so kafin in kai ma mai gilashi kuɗi. Shekara 3 ke nan ina kiwon kifin ruwan daɗi a salo, yanzu rai ya biya ma na ruwan teku, irin mai murjani mai rai ciki. Awo biyu na akwatin gilashi ne ke gabana. Na ɗaya tsawo 120, faɗi 60, zurfi 40, santimetir ke nan, yana cin litir 288. Na biyu tsawo 80, faɗi 50, zurfi 70, litir 280. Kun ga ruwan kusan ɗaya ne. Ni dai gaskiya idona na kan dogon, don yana tsaye kamar tele kuma kusurwar da uwargida ta yarda a aje shi ba ta da yawa. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Elhaji Chaibou: Wa alaikumus salam. Yaro ruwan teku a Yamai? Mu da tekun da ta fi kusa da mu sai ka yi kilometir wajen 1000 kafin ka gan ta. Ka zuba tarwaɗa cikin basan mana, wata 6 ka ci ka saida.

Abdoul Aziz Bobiel: Hhhh Baba Elhaji ai tarwaɗa ta ciki ce, wannan na ido ne.

Laouali Plateau: Abdoul Aziz ƙanena tsaya kar ka biya kowa tukuna. Ni na yi dogon, zurfi 70 daidai irin wanda kake magana, kuma da na san abin da na sani yau walle da ban yi ba. Bari in gama abin da nike yi in rubuto maka da kyau.

Hadiza Yantala: Ni tambayata daban, wai murjanin nan dutse ne ko icce ne? Don wanda na sani shi ne ja wanda kakata ke ɗaurawa a wuya, har yau yana cikin adaka wajen innata.

Malam Sani Tawa: Hajiya Hadiza dabba ce. Ƙananan halittu na, kowace da baki da ƴan hannuwa kewaye, su ka gina ma kansu ƙashi na farar ƙasa. Jan da kakanninmu ka sawa daga tekun Bahar Rum ya ka hitowa, wani iri na daban. Wanda Abdoul Aziz ka magana shi na ruwan ɗumi na, kuma abin mamaki nai shi na cikin naman jiki nai akwai wani gansakuka ƙanƙane da ido bai gani, shi ka amshe haske shi yi abinci su raba. Shi ya sa maganar zurhi ba maganar ado ba ce kaɗai, maganar abinci ce. In haske bai kai ƙasa ba yunwa ta kama shi.

Hadiza Yantala: Ikon Allah. Ashe kaka dabba take ratayawa.

Laouali Plateau: To ga ni. Abu na farko da ba wanda ya gaya mini shi ne hannu. Ka auna daga hamatarka zuwa kan yatsa, yawancinmu bai wuce 60 zuwa 65 ba, to akwati mai zurfi 70 kuma yana bisa tebur mai 80, yaya za ka taɓa ƙasa? Ni kujera nike hawa. Ran nan wani ɗan reshen murjani da na liƙa bisa dutse kaguwa ta ture shi ya faɗa can baya tsakanin dutse da gilashi, ina ganinsa ƙuru ƙuru amma hannu bai kai, na tuɓe riga na hau kujera na nutsa har kafaɗa kunnena na cikin ruwa, ɗiyata na dariya tana kiran uwarta ta zo ta ga baba na wanka da kifi. Sai da na ɗauko muciya na ɗaura mata cokalin roba. Kafin in fiddo shi kwana biyu ya yi kife cikin rairayi, gefe guda ya mutu. Kuma ka sani duk ranar da ka nutsa hamata to turaren da ka shafa da sabulu da zufa duk sun shiga ruwan, su kuwa halittun nan ba su son haka ko kaɗan. Abin da ke faruwa a ƙarshe sai ƙyuya ta kama ka, ka daina share gilashin ƙasa, datti ya taru inda ba ka kaiwa.

Laouali Plateau: Amma wannan duk wasa ne. Abin da ya karya ni shi ne watan 4 na bara. An ɗauke wuta wajen ƙarfe 11 na dare, gurup ɗina na wuta kuma ranar ba mai. Kafin ƙarfe 2 na haska tocila na ga kifayen duka sun taso sama suna haki baki buɗe, ma'aunin zafi na nuna 31. Na ɗauki ƙwarya na zauna bisa kujerar nan ina kamfatar ruwa ina zubowa daga sama don iska ta shiga, ina yi ina gyangyaɗi har aka kira assalatu. Kifi 2 sun tafi daren nan, murjani masu ƙashi kuma cikin sati suka yi fari fat kamar alli. Dalili, iska ta fuskar ruwa take shiga, dogon akwati kuwa fuskarsa ƙarama ce, ruwan ƙasa in injin kaɗa ruwa ya tsaya kamar rijiya yake.

Malam Sani Tawa: Lissahin na nan a hili. 120 sau 60 ya ba ka 7200. 80 sau 50 ya ba ka 4000. Ruwa ɗaya, amma bajen na da huskar shan iska kusan ninki biyu. Kuma ruwan gishiri bai riƙe iskar numhwashi kamar ruwan daɗi, in ya yi zahi ya ƙara ragewa. To ku haɗa ukun nan, gishiri, zahi, ɗauke wuta, sunan garin Yamai ke nan.

Moussa mai gilashi: Patron Abdoul Aziz ni ta fannina zan yi magana. Mutane na zaton yawan litir ke sa a ƙara kaurin gilashi, a'a tsayin ruwa ne. Mai zurfi 40 in na sa maka milimetir 10 ka kwana da minshari. Mai 70 ba ni taɓa shi da ƙasa da 12 kuma sai na ɗaure bakin da ɗamara ta gilashi, kuma 12 ɗin ba kullum ake samunsa a kasuwar Katako ba, in an samu kuɗin ya yi tsalle, nauyi kuma sai mutum huɗu. Wani ya taɓa kawo mini wanda aka yi masa wani wuri da 8, zurfi 65, gaban ya yi ciki kamar mai wata bakwai, na ce masa kwashe ruwan nan yau kafin ka kwashe shi daga bisa tapi.

Malam Sani Tawa: Gaskiya tai Moussa. Na buga a takarda yanzu ina jiran ɗalibai su shigo. Gilashin gaba na dogon, ruwa na tura shi da ƙarhin da ya kai kilo wajen 200. Na bajen kilo wajen 100, duk da ya hi shi tsawo. In ka ninka zurhi, turin ba ninki biyu ya ka yi ba, huɗu ya ka yi.

Moussa mai gilashi: Yauwa Malam. Sai kuma silikon, kar a sa irin na bayi mai maganin baƙin ruma, guba ce ga kifi. Da tebur, ruwa kaɗai kilo kusan 300 ne ban da duwatsu da rairayi da gilashin kansa, ka lissafa 400. Ka sa mai walda ya yi na ƙarfe amma a shafe shi da fenti mai kyau don gishiri na cin ƙarfe kamar gara.

Nafissa Marseille: Ku yi haƙuri in ɗan kare dogon tunda duk kun taru kansa. Ni nawa zurfi 60 ne kuma ina jin daɗinsa. In ka zauna gabansa kana ganin ruwa sama da ƙasa, ka gina duwatsu kamar tsauni, masu son haske sosai ka aje su bisa, masu son inuwa ƙasa, kowa da bene nasa. Baje in ba ka iya jera duwatsu ba sai ya zama kamar tiren mai talla, kuma murjani masu reshe in sun ji daɗi shekara biyu sun taɓo saman ruwa sai ka yi ta yanka. Ga fitila, bajen 120 fitila guda ba ta rufe shi, sai biyu. Kar a ce wai baje ba shi da kashe kuɗi.

Laouali Plateau: Ƙanwata ba ki yi ƙarya ba, amma ke yaushe rabon da a ɗauke miki wuta? Fitila biyu marasa ƙarfi sun fi mini guda mai ƙarfin da za ta huda santimetir 70, don ƙarfin nan zafi ne, kuma batir ke biyan sa.

Nafissa Marseille: Yaya Laouali na yarda, wuta kam ba mu da wannan matsala. Amma zafi muna sha a watan 7 da 8, ni ma bantilate nike kunna ma ruwan.

Elhaji Chaibou: Wato kifi ma sai an yi masa fifita. Mu muna kwana waje bisa tabarma kifi na cikin kilim. Duniya ina za ki da mu.

Abdoul Aziz Bobiel: Hhhhh Baba ka bari. Amma maganar zafin nan ita ce ke hana ni barci. Digiri nawa ne iyaka?

Laouali Plateau: 25 zuwa 26 ake so, 27 ba laifi, 28 ka fara buɗe ido. In ya zauna 30 ko fiye kwana da kwanaki murjani na korar gansakukan nan da Malam ya faɗa sai ya yi fari. Abin da ya sami babban tudun murjani na Ostareliya ke nan a 2016 da 2017, ruwan teku ya ɗan ƙara ɗumi kaɗan kawai aka yi asara mai yawa. To mu nan watan 4 da 5 inuwa ma tana wuce 42.

Malam Sani Tawa: Nan ma bajen ya ci. Ku tuna randa. Mi ya sa ruwan randa ka sanyi? Tsatsahowa ya ka yi iska ta busar, busarwar ta tahi da zahi. Litir guda in ya ƙahe daga akwatin litir 288, zahin da ya ɗauka ya isa sauke ruwan duka da digiri 2. Iskarmu kuwa busassa ta, to in ka aza bantilate ƙarami yana hura huskar ruwa mai hwaɗi ka samu randa ta gilashi. Ƙasashe masu raɓa dabarar ga ba ta yi musu kamar yadda ta ka yi muna.

Ibrahim Harobanda: Malam kar ka gaya masa rabin magana. Ni nawa baje ne, zurfi 38, shekara ta biyu ke nan, kuma wannan randar taka ita ce wahalata. Lokacin hunturu da bazara litir 6 wani lokaci 7 ke tafiya kowace rana. Ruwa ke tashi gishiri na nan zaune. Litir ɗaya na ruwan teku giram 35 na gishiri ne, in ka yi tafiya kwana 4 ba a ƙara ruwa ba kashi 10 cikin 100 ya tafi, gishirin ya hau kusan 39, ka dawo ka tarar da komi ya tsuke. Ni na je suna Doso kwana 3 na bar ma ƙanen matata aikin, na nuna masa bido na ce kullum ka cika zuwa wannan layin, bawan Allah don son gyara sai ya ɗauko ruwan gishirin da na haɗa na aje don canji ya yi ta ƙarawa da shi. Ma'aunin gishiri ya bar 1.025 ya tafi inda ban taɓa gani ba. Sati biyu ina saukar da shi sannu sannu.

Hadiza Yantala: Wayyo, ai shi a ganinsa taimako ya yi.

Ibrahim Harobanda: Taimako kam ya yi Hajiya, ban ko yi masa faɗa ba, laifina ne da ban rubuta bisa bidon ba. Daga nan na sa ɗan inji mai ƙara ruwan daɗi da kansa in ya ragu. Kuma ruwan ƙarin ba na pompo ba ne kai tsaye, sai wanda ya bi ta matacin osmos, don akwai kulor ciki kuma da damina kun san yadda kogin Isa ke yin ja. Sai ƙura. Fuska mai faɗi faranti ce ta tarar ƙura, ran da iska ta taso ka ga wani yauƙi ya kwanta bisa ruwa, dole ka yi magudanar da ke share saman ruwa tana kai shi wani akwatin tacewa da ke ƙarƙashin tebur. Duk da haka in aka ce in sake zaɓe bajen zan sake ɗauka, don ƙara ruwa aiki ne na kullum amma na san shi, ɗauke wuta kuwa ba ta sallama.

Maman Arewa: Ni ban ga abin wahala ba a maganar gishiri. Ga Kiari nan cikin gurup, ku sa shi ya aiko muku da kantu biyu daga Bilma, dama Barebari ba abin da suka iya sai lasar gishiri.

Kiari Diffa: Ba'are bawana wa ya kwance ka? Kai da ko kogi ba ka taɓa gani ba sai dallol busasshe kake sa baki a maganar teku.

Laouali Plateau: Hhhh ku biyun nan. Amma kar wani ya ɗauka da gaske, gishirin Bilma ko na miya ba ya yi. Na akwariyom haɗi ne na musamman mai kalsiyom da magneziyom da sauransu, da su murjani ke gina ƙashi. Cikawar farko kaɗai kilo 10 da wani abu za ta ci, sannan kana canza kashi 10 cikin 100 duk sati biyu. Kuma daga waje yake zuwa, da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya ta Lome suka riƙa zagayowa, ka yi oda ka manta da ita. Kar bokitinka ya kai rabi ba ka yi odar wani ba.

Abdoul Aziz Bobiel: To su murjanin da kifin fa ta ina?

Nafissa Marseille: Ka kula da wannan sosai yayana. Murjani masu ƙashi duka suna cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardu, kar ka ce wani ya sako maka cikin jaka. Ka fara da masu laushi, sun fi haƙuri da zafi da ƙarancin haske, kuma suna yaɗuwa har ka yanka ka ba wani. Tunda akwai masu yi nan Yamai ka roƙi yanki wajensu, wanda ya riga ya saba da ruwan gida ya fi wanda ya kwana biyu cikin jirgi.

Ibrahim Harobanda: Ni zan ba shi, akwai wani kore mai kama da ciyawa ya cinye mini dutse guda, dama neman mai ɗauka nike. Amma ba yanzu ba, sai akwatinka ya yi sati 5 ko 6 yana juyawa da duwatsu ba kifi, ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su zauna tukuna.

Elhaji Chaibou: Ni kam na ga irin abin nan a Jidda shekarar da na sauke farali, wani gida bakin Bahar Maliya, kifaye kala kala har da mai kama da an yi masa lalle. Na tsaya na fi rabin awa, ba zan ɓoye muku ba. Amma can teku na bakin ƙofa. Abin da nike gudar maka Abdoul Aziz hakkin rai ne, ka ɗauko halitta daga inda Allah ya aje ta ka zo ka dafa ta cikin salo. In ka san ba ka da pano da batir da za su riƙe ta to ka bari.

Abdoul Aziz Bobiel: Wannan magana ce Baba, na ji ta. Ina da pano 4 da batir 2, firigo da fitilu suke riƙewa.

Laouali Plateau: To ka ware ma injin kaɗa ruwa layinsa shi kaɗai. Akwai masu aiki da volt 12 ko 24, ba su cin komi, ka ɗan karkata bakinsa sama yana motsa fuskar ruwa. Fitila in ta mutu kwana 2 ba abin da zai sami murjani, ai a teku ma ana hadari. Amma ruwa ya tsaya cik awa 3 cikin zafin nan, ka ji labarina. Kuma ka riƙa aje gorunan ruwa cikin firiza, in abu ya ɓaci ka jefa su a rufe su yi iyo.

Nafissa Marseille: Ƙari ɗaya, baje sai da murfin raga. Kifi da yawa na tsalle in sun firgita, ballantana in wuta ta dawo fitila ta kama gaba ɗaya. Raga, ba gilashi ba, in ka rufe da gilashi ka kashe randar Malam.

Hadiza Yantala: Duk kun manta abu guda. Abdoul Aziz ba kai ke da ƴan biyu masu shekara 3 ba? Baje bisa gajeren tebur buɗe, wallahi ranar farko za ka tarar da biskit da takalmi da telekomand ciki. Nawa na jan kifi ɗana ya taɓa zuba musu kunu wai suna jin yunwa. Kuma ban da ɓarna akwai tsoron yaro ya hau kujera ya leƙa ya faɗa.

Abdoul Aziz Bobiel: Innalillahi Hajiya kin tuna mini, Hassan ko jiya sai da ya jefa portabul ɗin uwarsa cikin bokiti.

Moussa mai gilashi: Wannan mai sauƙi ne patron, a ɗaga tebur ya kai metir ɗaya, bakin akwati ya tsaya 140, ragar kuma a yi mata firam mai makulli. Kai kana tsaye hannunka na kaiwa ƙasa, kuma baje dama in ya yi ƙasa da yawa sai ka duƙa kafin ka ga kifi. Amma tebur mai tsayi sai a ɗaure shi da bango.

Malam Sani Tawa: In kuma ido nai na bisa zurhi ƙwarai, a raba gardama, 120 da 55 da 50. Litir 330 ke nan, huska 6600, hannu na kaiwa.

Ibrahim Harobanda: 50 ba laifi amma ni 45 zan ce. Ka tuna rairayi zai ci 3 ko 4, sama kuma ba ka cikawa har baki.

Nafissa Marseille: 50 dai, ku bar masa wurin da murjani zai girma.

Abdoul Aziz Bobiel: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na jingine maganar 70. Yanzu na auna kusurwar da aka ba ni da metir, 95 ce cif, 120 ba ya shiga sai an gusa da kabad ɗin kwanonin uwargida, kuma kun san kabad ɗin nan tun ranar da aka kawo ta ba a taɓa motsa shi ba. Moussa kar ka yanka komi tukuna. Ibrahim in ba damuwa ran asabar bayan la'asar zan ƙetaro gada in ga naka da idona, kuma zan zo da ita, wataƙila in ta ga koren nan naka yana kaɗawa ta sassauta.

Ibrahim Harobanda: Bismilla, ku zo da ƴan biyun ma in gwada ragata. Ka taho mini da ƙanƙara leda biyu in ka biyo ta kasuwa, tun safe ba mu da wuta.